Moci a Hannun Riga

Talata, 2 ga Disamba

Madalla da wannan gida na kula da tsofaffi. Yau wata biyu ke nan da ɗana ya kawo ni bayan karayar ƙuguna, kuma dole in yaba: ban taɓa ganin inda ake son tsoho kamar nan ba. Ko faɗuwa kike son yi, sai kin nemi izini. An shimfiɗa wata tabarmar roba a gaban gadona, da na sauke ƙafa sai ta ɗau kuwwa, kafin in miƙe mutum ya tsaya a kaina yana murmushi. Silifas an hana. Shayina kuwa sai an barbaɗa masa wani farin gari ya yi kauri kamar kunu, wai don an ji na yi tari sau biyu. Sau biyu fa! Ni Tatsue, da na shekara arba'in da takwas ina tallan kifi a kasuwarmu, muryata tana tashi daga bakin ƙofa ta dire a ƙarshen layi, ni ce yau ake koya wa haɗiya.

Kafin kowane abinci kuma akwai motsa baki. Pa-pa-pa, ta-ta-ta, ka-ka-ka, ra-ra-ra, wai don harshe da maƙogwaro su yi ƙarfi. Tsofaffi ashirin da huɗu suna buɗe baki suna rufewa kamar kifin da aka tsamo yanzu. Ni leɓe kawai nake motsawa.

Duk aikin Nishiwaki-san ne, shugabar masu kula da mu. Gajera, ta haura hamsin, kafaɗa kamar ta masu dakon ƙanƙara. Ba ta ɗaga murya. Irinsu na fi tsoro a kasuwa.

Alhamis, 4 ga Disamba

An canza mini tebur. Yanzu ina tare da Oku-sensei, tsohuwar malamar firamare da hankalinta ke zuwa yana komawa, da kuma, abin dariya, Gonda. Gonda na ƙarshen layinmu, mai shagon moci, kirɓaɓɓen tuwon shinkafar nan mai danƙo! Shekara arba'in yana cewa ƙarnin kifina na shiga masa shinkafa, ni kuma ina cewa kirɓinsa na tsorata mini kifi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, a keke ake turo shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, baki a karkace, "Mai ƙarni... ba ki mutu ba?"

Na ce, "Ina jiran ka share hanya, Sarkin Turmi."

Ya rame. Wuyan rigarsa sai ka ce an rataye ta a ƙusa.

Litinin, 8 ga Disamba

Gonda ba ya cin abinci. Nasa duk niƙaƙƙe ne: kifi an markaɗe an sake zuba shi a siffar kifi, karas an markaɗe an mayar da shi siffar karas. Aiki ne mai kyau, ban ƙi ba. Shi kuwa cokali biyu, sai ya kawar da kai.

Jumma'a, 12 ga Disamba

Kunnen 'yar kasuwa ba ya ritaya. 'Yar Gonda ta zo, suka tsaya da Nishiwaki-san a bayan labulen ɗakin cin abinci, ni kuma ina ninke tawul kamar kurma. Kilo huɗu ya zubar tun kaka. Likita zai dawo 14 ga Janairu. In har ya ci gaba da raguwa, za a huda masa ciki a sa roba ana ɗura abinci, kuma gidan nan ba ya riƙe masu roba, sai a kai shi asibiti ya kwanta. 'Yar tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Baba ya ce in ba zai tauna ba, to a bar shi."

Na san irin ɗakin nan. Mijina a can ya ƙare, yana kallon rufi.

Laraba, 17 ga Disamba

Na lura da wani abu game da Nishiwaki-san. In muna cin abinci ba fuska take kallo ba, wuya take kallo. Yadda nake kallon hannun mutane a gaban tebur ɗina, haka take bin maƙogwaro ɗaya bayan ɗaya. In za ta ba Gonda, ba ta tsayawa a kansa. Kujera take jawowa ta zauna ƙasa da shi, don kada ya ɗaga haɓa. Cokali ɗan mitsitsi. Sai ta ga ƙashin wuyansa ya hau ya sauka, sannan ta ɗebo wani. Jiya minti arba'in ta yi a kan cokali biyar, ko sau ɗaya ba ta dubi agogo ba. Kafin ta taɓa mutum kuma sai ta murza tafin hannunta ya yi ɗumi.

Ba yabo nake yi ba. Rubutawa kawai nake yi.

Litinin, 22 ga Disamba

An lika sanarwa: ranar Jumma'a za a yi kirɓin moci na ƙarshen shekara a zaure. Turmin dutse, taɓarya, shinkafa mai danƙo da zafinta, komai da komai. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: wanda aka kirɓa na ado ne, za a ɗora shi a kan dakali don sabuwar shekara, mazauna gida za a ba su mai laushi wanda aka yi musamman.

Wato a kirɓa a gabanka, ka ji ƙamshi, ka tafa, sannan a ba ka na jabu. Ko ni da na taɓa sayar da kifin jiya da sunan na yau ban kai nan ba.

Na karanta wa Gonda. Hannunsa na hagu ya dunƙule a kan bargo, yana murzawa kamar mai mulmula. Shekara hamsin yana ciyar da unguwa moci. Ba ciwo ne ya hana shi ci ba, zuciya ce. Ni na san maganinsa. Loma ɗaya ta gaskiya, ya tuna cewa yana da baki.

Rigar sanyina mai faɗin hannu tana cikin durowa.

Jumma'a, 26 ga Disamba

Yau ne. Na sa rigar.

Asabar, 27 ga Disamba

Maƙogwarona kamar an goge shi da dutsen wasa wuƙa. Zan rubuta yadda aka yi, tunda babu mai karantawa.

An kirɓa. Kowa na ihu da kowane bugu. Gonda ya rufe ido yana sauraro, can ya ɗaga hannu ya ce, "Bai yi ba... saura goma." Da kunne ya gane! Aka ƙara goma, ya yi sumul. Nishiwaki-san ta tura kekensa gaban turmi, ta ɗora hannunsa a kan taɓarya, ta riƙe nauyin, suka buga sau uku tare. Kowa ido na can. Tiren ƙananan mulmule yana gefen tebur. Hannuna bai manta aikinsa ba, ɗaya ya shige hannun riga.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da Nishiwaki-san ta ce, "Tatsue-san, ba za ki tsaya shan shayi ba?" sai na ce ƙuguna ke ciwo, na ja abin dogarawata na tafi ɗaki. Ƙarfe biyu da rabi na rana. Niyyata in kai wa Gonda lokacin da ake sauya masu aiki. Amma 'yar kasuwar kirki ba ta miƙa abin da ba ta ɗanɗana ba. Na zauna a bakin gado, na gutsuri kamar kan babban yatsa. Da ɗuminsa. Daɗi kamar in yi kuka.

Na tauna, na haɗiye. Bai tafi ba. Bai dawo ba.

Na buɗe baki in yi kira. Muryar da ke kaiwa ƙarshen layi, ko iska ba ta fito ba. Maɓallin kira yana can wajen matashin kai, nisansa kamar wani gari. Na zame. Ƙafata ta taka tabarmar nan da nake zagi.

Ban ji ta gama kuwwa ba aka turo ƙofa. Daga baya na ji cewa Nishiwaki-san tana tafe ne ma, don ta ga farin garin moci a bakin hannun rigata lokacin da na juya. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta cire mini haƙoran roba, ta kifa ni a kan hannunta, ta dinga dukan tsakanin kafaɗuna da gindin tafi. Duka na gaske. Ina jin ta tana cewa, "Tari, Tatsue-san! Yi tari! Ke da kike da baki!" Nas ta shigo da injin zuƙo. A bugu na ban san nawa ba, abin ya faɗo a kan tabarma, fari, ɗan ƙarami. Abin kunya, ko girman ƙwan kurciya bai kai ba.

Aka kai ni asibiti aka duba ƙirji, aka dawo da ni. An kira ɗana. Ya yi ta magana, na riƙe wayar nesa da kunne.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. To amma ba bakina na ɗebo wa ba. Ni da ƙafafuna da hannuwana biyu haka ta kasance. Da Gonda na kai wa, a lokacin da babu kowa a kusa...

Ba zan rubuta sauran ba.

Lahadi, 28 ga Disamba

Na shirya wa faɗa. Har na tanadi amsoshi uku. Nishiwaki-san ta shigo da safe da takardar rahoto a hannu, ta jawo kujera ta zauna ƙasa da ni, kamar yadda take yi wa Gonda. Na iya karatu a juye, kasuwa ta koya mini. Ta rubuta: an ajiye tire inda hannu ke kaiwa, mai kula ta juya baya minti biyu, nan gaba a ƙirga, a rufe, a sa mutum ɗaya a kansa. Na bi layi-layi ina neman kalmar sata. Babu. Laifin duk ta kwashe ta ɗora wa tire da kanta.

Na ce, "Kin san ba haka aka yi ba."

Ta ce, "Haka aka yi. Takardar nan ba ta neman mai laifi, ramin take nema don a cike." Ta ninke takardar. "Wa za ki kai wa?"

Na kalli taga.

Ta ce, "Na yi zato. Hanyar ce ba daidai ba, amma ciwon kin gano shi, ni wata uku ina lallashi ban gano ba. Tatsue-san, ki koya mini. In mutum ya zo gaban tebur ɗinki ya ce shi ba ya saye, yaya kike yi?"

Kai, matar nan. Ta san inda ake sosa mini.

Na ce, "Ba a ce masa saya. Ba a ce masa don lafiyarka. Cewa ake yi: kai da ka san kifi, ɗanɗana ka gaya mini ko an cuce ni. Babu namijin da zai wuce wannan."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Gobe ƙarfe goma, a ɗakin cin abinci. Za ki iya zagi da wannan muryar?"

Litinin, 29 ga Disamba

An yi wasan, kuma ni ce jaruma.

Mai dafa mana abinci, Ueshima-san, mutumin Tokyo ne, dogo, mai kunya. Ya fito da hularsa a hannu da faranti, ya rusuna wa Gonda. Ya ce, "Maigida, an ce in yi mocin sabuwar shekara wanda ba ya maƙalewa, ni kuwa ban san moci ba. A taimaka a duba."

Gonda ya leƙa farantin. Fuskarsa ta yi ja. Bawan Allahn nan ya yanka shi mai kusurwa huɗu, irin na garinsu! A nan, inda tun kaka da kakanni mulmulalle ake sakawa a miyar sabuwar shekara don shekara ta zagayo lafiya.

"Wannan... sabulu ne?" in ji Gonda.

Na ce da muryata mai kama da ta agwagwa, "Ƙyale shi, Ueshima-san. Tsohon nan harshensa ya riga shi mutuwa. Ko takalmi ka dafa masa ba zai bambance ba."

Ya juyo da ido ɗaya. "Mai ƙarni... rufe baki." Ya dubi Nishiwaki-san. "Kawo."

Tana nan zaune da ɗan cokalinta, kamar ba ta san komai ba. Haɓa ƙasa. Ya haɗiye. Ta jira. Ya ce a ƙara, bai ji sosai ba. Cokali shida kafin ya yanke hukunci: "Kunu." Ueshima-san ya ciro littafi ya rubuta, har da cewa na gode. Nishiwaki-san ta ce ai mai ɗanɗano sai ya wanke baki tsakanin samfur da samfur, ta miƙo miya. Ya sha rabi.

Talata, 30 ga Disamba

Samfur uku yau. An yi ciniki mai zafi. Gonda yana son ya yi danƙo ya ja. Nishiwaki-san ta ɗebo a cokali ta karkata shi: in bai sulluɓe da kansa ba, ba ya shiga bakin kowa a gidan nan. A nan ko gezau. Na taɓa ganin masu taurin kai a gwanjon kifi, ban ga kamarta ba, kuma duk da murmushi. A ƙarshe ya sallama danƙo, ita ta yarda masa da ƙamshi: za a yi da ainihin shinkafar moci, a zuba garin da ke kashe danƙon, a kawo da tururinsa.

Ya ce harshensa ba ya juyawa yadda yake so. Ta ce, "Ai maganinsa ke nan muke yi kafin abinci." Da rana na ji shi yana pa-pa-pa. Kamar tsohuwar taya na sacewa. Dole na nuna masa yadda ake yi.

Laraba, 31 ga Disamba

Mun mulmula arba'in da takwas, shi da hannun hagu, ni na ara masa na dama, da safar roba. Ya ce nawa duk sun yi kama da kan kifi. An ƙirga a gabana sau biyu, aka rufe tire. Ban ji haushi ba. Sosai.

Alhamis, 1 ga Janairu

Farar miya, karas, mulmulallen abu biyu a kowane kwano. Masu kula sun zagaye tebura, ido a wuyanmu, injin zuƙo a bayan labule inda suke zaton ba mu gani. Ueshima-san yana leƙe daga taga. Gonda ya ci ɗaya a loma huɗu. Ya ajiye cokali. Kowa ido na kansa.

Ya ce, "Ba moci ba ne."

Ueshima-san ya sunkuyar da kai.

Gonda ya ce, "Ƙaro."

Oku-sensei ta tafa, ba ta san dalili ba, kowa ya bi ta. Ni wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Alhamis, 8 ga Janairu

Yanzu komai sai an kawo masa ya duba: kifi, kabewa, ƙwai. Bai yaba ko ɗaya ba. Bai bar ko ɗaya ba.

Laraba, 14 ga Janairu

Likita ya zo. Ina bakin ƙofa ina ninke tawul. Tawul ɗaya na ninke sau tara. An ɗora keken a sikeli. Bai ragu ba, har ya ɗan ƙaru, bai cika kilo ɗaya ba. Likita ya ce a ajiye maganar roba, a sake dubawa in furanni sun fito. Bai ce an warke ba. A shekarunmu wa ake ce wa haka? Amma kujerarsa tana nan a tebur.

'Yar ta rusuna wa Nishiwaki-san har gashinta ya rufe fuska. Ita ta nuna Ueshima-san. Shi ya nuna ni. Ni na ga wani tsuntsu a taga.

Da rana Gonda ya ce, "An ce... kin kusa mutuwa... da mocina."

Na ce, "Bai kirɓu ba ne."

Ya yi dariya har sai da aka goge masa haɓa.

Alhamis, 15 ga Janairu

Yau aka sauke mocin ado daga dakali aka farfasa shi da guduma, kamar kowace shekara. Ya bushe ƙamas, gutsattsari suka yi tsalle. An ƙirga, an share, an rufe, mutum ɗaya na tsaye a kai. Amma wani ɗan guntu ya gangara ƙarƙashin farantin Oku-sensei. Na ga yatsunta sun rufe shi, na ga hannun ya koma cikin riga. A hankali, da kyau. Da a kasuwa ne da na ce ta taɓa yi.

Ba ruwana, ai. Ni ba ma'aikaciya ba ce.

Na ce, "Sensei, wannan da kika ɗauka ya tsage. Kawo in canza miki da sabo, kada a ce an cuce ki." Ta miƙo mini da godiya. Na ɗago, sai ga Nishiwaki-san taku biyu daga gare mu, ta riga ta taho. Na saka mata a tafi ta ƙarƙashin tebur. Ta matse yatsuna. Hannunta da ɗumi, kamar kullum.

Shayin yamma ni na zuba wa garin da kaina. Ba don komai ba, su in sun dama yana yin gudaji. Gonda ya ce muryata a pa-ta-ka-ra tana hana shi jin tasa, wai har masu wanki a ƙasa sun yi ƙorafi. Tabarmar gado kuma ta ɗan goce da safe, na gyara mata zama da ƙafa, don kawai ba na son ganin abu a karkace.

An ce gobe za a matsar da kujerata zuwa ƙarshen tebur, inda ake ganin kowa. Wai don hasken taga. Shekara arba'in da takwas babu wanda ya taɓa sayar mini da abin da ban yi niyyar saye ba. To wannan matar, yaushe ta gama cinikin, har aka naɗe mini kaya ban sani ba?